Daidaita Sahun Haruffa: Manhajojin Gano Wuraren da ba su Sauyawa a DNA da Darasinsu ga Ɗalibin Harshe

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin kwatanta harsuna ya san tambayar da ake fara yi. Idan aka ɗauki harsuna biyu da ake zaton 'yan'uwa ne, me ya sauya a tsakaninsu, me kuma ya tsaya yadda yake? Irin wannan tambaya ce masana kimiyyar halittu suke yi kullum, sai dai su abin da suke kwatantawa shi ne jerin sinadaran gado da ake kira DNA. Saboda yawan jerin, sun ƙirƙiro manhajojin kwamfuta da ke taya su gano wuraren da ba su sauyawa daga wata halitta zuwa wata.

Ni ba da Hausa na buɗe baki ba. Harshen gidanmu Eggon ne, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta na koye ta. Wanda ya tashi da harshe biyu ba ya rabuwa da kwatance, shi ya sa wannan fanni ya ja hankalina. A wannan muƙala zan yi ƙoƙarin nuna wa 'yan'uwana ɗalibai yadda waɗannan manhajoji suke aiki, da amfaninsu wajen yaƙi da zazzaɓin Lassa a ƙasarmu, da kuma yadda dabarar tasu ta yi kama da wadda ake koya mana a nazarin harshe.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A cikinsu akwai wani dogon zare, wato DNA, wanda yake ɗauke da umarnin gina jiki da tafiyar da shi. Sinadarai huɗu ne kacal suke jeruwa a wannan zare, kuma masana suna rubuta su da haruffa huɗu: A da C da G da T. Ke nan muna iya cewa rubutu ne mai haruffa huɗu. Jimillar rubutun da halitta guda take ɗauke da shi, shi zan riƙa kira kundin gado. Kundin gadon mutum ya kai haruffa kimanin biliyan 3, kuma a shekarar 2003 aka bayar da sanarwar kammala babban aikin karanta shi.

Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, sai an kwafi wannan rubutu. Kamar yadda mai kwafar littafi da hannu yakan yi tuntuɓen alƙalami, haka ake samun sauyi a nan. Sauyin da aka fi samu iri uku ne: a musanya harafi da wani, ko harafi ya shafe, ko a saƙala wani sabo. Ɗalibin tsarin sauti ya san duka ukun. Idan sauyin ya faɗa a wurin da ba shi da wani muhimmin aiki, sai ya wuce ga 'ya'ya da jikoki ba tare da wata illa ba. Idan kuwa ya faɗa a wurin da rayuwa ta dogara da shi, mai ɗauke da shi ba ya cika yin tsawon rai ko barin zuriya, don haka sauyin yakan ɓace tare da shi. Sakamakon haka, akwai wuraren da za a tarar kusan iri ɗaya ne a jikin halittu mabambanta. Waɗannan su zan kira kafaffun wurare.

3.0 Daidaita Sahu

Kafin a ce wuri kaza kafaffe ne, dole a jera rubuce-rubucen, wani ƙarƙashin wani, yadda kowane harafi zai tsaya daura da takwaransa. Na zaɓi in kira wannan aiki daidaita sahu. Bari mu fara da abin da muka sani. A Hausar yamma, wato ta Sakkwato da Katsina, ana jin sabka da abduga da zamna, inda Kananci yake da sauka da auduga da zauna. Wannan raunanar baƙi a ƙarshen gaɓa ita ake kira Dokar Klingenheben, da sunan Bajamushen da ya yi bayaninta a wajajen 1928. Ga sahun kalma ɗaya:

s a b k a
s a u k a

Haruffa huɗu sun dace, ɗaya ya saɓa. Wannan ba wuya. Wuyar tana zuwa ne idan tsawon bai zo ɗaya ba. A tsofaffin ƙamusai ana samun kurɗi a maimakon kuɗi. Idan muka jera su kai tsaye, r zai faɗa kan ɗ, shi kuma ɗ ya faɗa kan i, sahu ya karkace. Maganin abin shi ne a bar gurbi:

k u r ɗ i
k u – ɗ i

Kwamfuta ba ta da kunnen Bahaushe, saboda haka da maki ake koya mata zaɓi. A misalinmu, mu ce dacewa maki 1 ce, saɓani a cire 1, gurbi a cire 2. Jeri na kai tsaye yana da dacewa biyu da saɓani biyu da gurbi ɗaya a ƙarshe, jimilla 2 ƙasa da sifili. Jeri mai gurbi a tsakiya yana da dacewa huɗu da gurbi ɗaya, jimilla maki 2. Sai kwamfuta ta ɗauki na biyun, wanda shi ne masanin harshe ma zai ɗauka.

Haka kuma ba kowane saɓani ake yi wa hukunci ɗaya ba. Mun san f ya koma h, kamar a fuska da huska, abu ne na yau da kullum, amma f ya koma r abin mamaki ne. A DNA ma, A ya fi yawan musanyuwa da G, shi kuma C da T, don haka manhajoji da yawa sukan rage tarar irin wannan saɓani.

Ga misali da jeri uku da na ƙirƙira domin darasi:

A T G C C T A G A
A T G C T T A G A
A T G C – T A G C
* * * *   * * *

Inda aka sa tauraro a ƙasa, nan ne duka ukun suka dace. Su ne kafaffun wuraren wannan ɗan jeri.

4.0 Fitattun Manhajoji

Idan haruffa tara ne, ido ya isa. Idan suka kai dubbai, hanyoyin da za a iya jera su sun fi ƙarfin lissafin ɗan Adam. A 1970, Saul Needleman da Christian Wunsch suka fito da dabarar cike wani jadawali gida-gida, wadda take tabbatar da an sami jeri mafi yawan maki tsakanin rubutu biyu daga farko har ƙarshe. A 1981, Temple Smith da Michael Waterman suka gyara dabarar yadda za ta nemo yankin da ya fi dacewa kaɗai, ko da sauran rubutun bai yi kama ba. A kan waɗannan dabaru biyu aka gina akasarin abin da ya biyo baya.

BLAST ta fito a 1990, kuma cibiyar NCBI ta Amurka ce take kula da ita. Aikinta shi ne a ba ta jeri guda, ta shiga rumbun GenBank, wanda aka kafa a 1982, ta nemo masu kama da shi. Sirrin saurinta shi ne ba ta bin rumbun harafi-harafi. Takan yanka jerin zuwa gajerun guntaye, waɗanda masu manhajar da kansu suke kira kalmomi, ta nemi inda guntu ya dace daidai, sannan ta faɗaɗa dama da hagu har inda maki zai fara zubewa. Kowa yana iya amfani da ita kyauta a intanet.

Clustal, wadda Des Higgins da Paul Sharp suka fitar a Dublin a 1988, jeri da yawa take daidaitawa lokaci guda. Takan fara da biyun da suka fi kusa, sannan ta riƙa ƙaro na nesa ɗaya bayan ɗaya. Ita ce mai sa tauraro ƙarƙashin wuraren da suka dace, kamar yadda na yi a sama. MAFFT ta 2002 da MUSCLE ta 2004 irin wannan aiki suke yi, da ƙarin sauri. Akwai kuma Mauve ta 2004, wadda take lura da yankunan da suka yi musayar gurbi, irin abin da muke gani a bagaruwa da gabaruwa.

Ita kuwa phastCons ta 2005, ba ƙirga dacewa kawai take yi ba, har da la'akari da nisan dangantaka. Idan jerin akuya ya dace da na tunkiya, ba a faɗi wani abu mai yawa ba, domin dangi ne na kusa. Idan ya dace da na kaza ko na kifi, to lalle akwai dalilin da ya hana wurin sauyawa. Haka yake a wurinmu: dacewar Kananci da Zazzaganci ba ta kai nauyin dacewar Hausa da harshen tsohuwar Masar ba.

5.0 Abin da aka Gano

A 2004, Gill Bejerano da abokan aikinsa a Jami'ar California ta Santa Cruz sun kwatanta kundin gadon mutum da na nau'in ɓera biyu, ƙarami da babba. Sun sami wurare 481, kowanne mai haruffa 200 ko fiye, waɗanda ko harafi ɗaya bai bambanta ba a duka ukun. Da yawa daga cikinsu ba sa cikin sassan da ke ba da umarnin ƙera sinadaran gina jiki, suna cikin sassan da a da ba a san amfaninsu ba. Daga baya bincike ya nuna wasunsu makunna ne, wato su suke kunna wasu sassan ko su kashe su yayin da ɗan tayi yake girma. A 2023, wani haɗin gwiwar masana mai suna Zoonomia ya kwatanta dabbobi masu shayarwa 240, ya nuna cewa aƙalla kashi 10 cikin 100 na kundin gadon mutum kafaffe ne. Likitoci suna amfana da wannan, domin idan aka ga sauyi a kafaffen wuri a jikin majiyyaci, nan ake fara zargi.

6.0 Zazzaɓin Lassa

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zance ne na ƙasashen Turawa kawai. Zazzaɓin Lassa ya samo sunansa ne daga garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, inda aka fara gane shi a 1969. Wani nau'in ɓera ne yake ɗauke da ƙwayar cutar, tana kuma shiga mutum ta abinci ko kayan da fitsari ko kashin ɓeran ya taɓa. Cutar ta fi tashi da rani, kuma Jihar Nasarawa tana cikin jihohin da ake samun ta. Alamominta na farko suna kama da na zazzaɓin cizon sauro ko taifot, don haka sai da gwajin jini ake tabbatarwa.

Kundin gadon wannan ƙwayar cuta da RNA aka rubuta shi, wato ɗan'uwan DNA wanda yake da U a gurbin T, amma manhajojin da na ambata duk suna aiki a kansa. Kashi biyu ne, babba mai haruffa kimanin 7,200 da ƙarami mai kimanin 3,400. Gwajin da ake kira PCR yana amfani da wasu 'yan gajerun jeri masu haruffa wajen 20, waɗanda suke maƙalewa a jikin rubutun ƙwayar cutar kamar ƙugiya. Idan ƙugiya ta kama, na'ura ta riƙa kwafar wurin har ya yi yawan da za a gani. Idan haruffan wurin sun sauya, ƙugiya ba za ta kama ba, sai sakamako ya nuna babu cuta alhali tana nan. A sallami majiyyaci ya koma gida, ma'aikatan jinya da iyalinsa su shiga haɗari.

Wannan matsala ta taɓa faruwa. Ƙwayar Lassa tana da yawan bambanci. Wani bincike na 2015 ya nuna iri biyu suna iya saɓawa da kusan kashi 32 cikin 100 a babban kashin. A 2010, masana daga Cibiyar Bernhard Nocht da ke Hamburg a Jamus tare da abokan aikinsu suka bayar da rahoton cewa gwajin da ake amfani da shi tun 1994 yana kasa kama wasu ire-iren ƙwayar na Nijeriya da Laberiya. Abin da suka yi shi ne suka daidaita sahun jeri 62 daga ƙasashen da cutar take, suka nemo wurin da ya fi kafuwa, suka ƙera sabuwar ƙugiya a kansa. Ke nan ran majiyyaci yana iya rataya a kan ingancin wannan sahu.

A 2018, lokacin da aka tabbatar da cutar a jikin mutum fiye da 600 a Nijeriya, an shiga fargabar ko wani sabon iri ne mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane ya ɓullo. Cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, da Asibitin Koyarwa na Irrua a Jihar Edo, da abokan aikinsu na waje, suka karanta jerin ƙwayoyin da aka samu daga majiyyata suka kwatanta. Sai aka ga ba sabon iri ba ne, kuma akasarin masu cutar daga ɓera suka ɗauka, kowa ta hanyarsa. Wannan ya nuna wa hukumomi cewa tsabtar muhalli da adana abinci su ne kan gaba. Binciken ya kuma nuna cewa kogin Neja da na Binuwai sun zama kamar iyaka tsakanin ire-iren ƙwayar: wanda ake kira iri na biyu ya fi yawa a kudu, na uku kuma a arewacin kogunan, ɓangaren da Keffi take. Ɗalibin karin harshe ba zai yi mamaki ba, domin ya san kogi da dutse su suke raba kare-karen harshe.

7.0 Kafaffun Wurare a Harshe

Hausa tana cikin harsunan Cadi, su kuma reshe ne na babban gidan Afro-Asiya kamar yadda Joseph Greenberg ya tsara a 1963. A 1966, Paul Newman da Roxana Ma suka ƙarfafa hujjar haɗin harsunan Cadi ta hanyar jera kalmomi da fito da dacewar sautuka. Me ya tsaya bayan dubban shekaru? Ga kaɗan: mutu ta Hausa da mata ta Larabci da mwt ta tsohuwar Masar, huɗu ko fuɗu da fdw ta tsohuwar Masar, me ta tambaya da ma ta Larabci, wakilan suna ka da ki, kamar a gidanka da gidanki, waɗanda Larabci ma yake da su, sai kuma t mai nuna jinsin mace. Waɗannan su ne kafaffun wurarenmu. Wannan tunani ne ya sa Morris Swadesh ya tsara jerin kalmomi 100 a 1955, irin su ruwa da wuta da ido, waɗanda ba a cika aro ba.

Akwai tarko biyu da mu da masana halittu muke gudu tare. Na farko shi ne dacewar katari. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A harshen Mbabaram na Ostireliya, sunan kare ya zo daidai da na Ingilishi, alhali babu dangantaka ko aro. BLAST tana maganin wannan da wani adadi da take sa wa kowane sakamako, mai nuna sau nawa za a sami irin wannan dacewa bisa katari kawai. Idan adadin ya yi kusa da sifili, dacewar abin dogaro ce. Gajeren jeri ya fi saurin yaudara, kamar yadda kalma mai gaɓa ɗaya take yi mana. Tarko na biyu shi ne aro. Littafi da alƙalami sun yi kama da na Larabci ne saboda an aro su, ba gado ba ne kamar mutu. Ƙwayoyin bakteriya ma sukan karɓi guntun DNA daga waɗanda ba danginsu ba, kuma ta haka jure wa magani yake yaɗuwa a tsakaninsu.

Masana harshe sun riga sun ɗauko waɗannan dabaru. Manhajar LingPy, wadda Johann-Mattis List ya jagoranci ƙirƙirarta, tana daidaita sahun kalmomi da dabarar Needleman da Wunsch domin zaƙulo kalmomin da suka fito daga tushe ɗaya.

8.0 Iyakar Kwatancen

Duk da haka, harshe da DNA ba abu ɗaya ba ne. Sauyin sauti yana bin doka, yana shafar duk kalmomin da suka cika sharaɗi, kamar yadda muka gani a sabka da abduga. Sauyin DNA kuwa wuri ɗaya yake faɗawa, ba ruwansa da sauran. Dalilin kafuwa ma ya bambanta. A DNA illar sauyi ce take tsare wuri, a harshe kuwa wani bincike na Mark Pagel da abokansa a 2007 ya nuna kalmomin da aka fi yawan furtawa su suka fi jinkirin sauyawa.

Sannan manhaja nuni kawai take yi, hukunci na mai bincike ne. A 2007 an cire huɗu daga cikin kafaffun wuraren nan 481 daga jikin ɓeraye, aka ga sun rayu har sun haihu, sai a binciken baya aka fara gano wasu ƙananan illoli na cire irin waɗannan wurare. A harshe ma abin da muke ganin kafaffe yakan zube. Gwandara, wanda ake magana da shi a nan ƙasar Keffi da kewaye, shi ne harshe mafi kusa da Hausa, amma masana sun lura ya zubar da bambancin jinsin namiji da mace da Hausa take riƙe da shi.

9.0 Kammalawa

A wannan muƙala mun ga cewa gano kafaffun wurare matakai uku ne: a daidaita sahu, a ba da maki, a tace gado daga katari da aro. Mun kuma ga yadda ingancin gwajin Lassa ya dogara da wannan aiki. Abin lura shi ne masanan Hamburg ba su iya gyara ƙugiyarsu ba sai da suka tara jeri daga ƙasashe daban-daban. Manhaja ba ta kwatanta abin da ba a ba ta ba. Jiharmu cike take da harsuna, irin su Gwandara da Eggon da Mada da Alago da Gade da Migili, kuma da yawansu ba a tattara kalmominsu yadda ya kamata ba. Wannan aiki namu ne.

Saboda haka ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawarar gwaji biyu. Na farko, a daidaita sahun biyar da biyat da biyal, sannan zauna da zamna, a fitar da makinsu bisa ƙa'idar da ke sashe na 3.0. Na biyu, a wannan hutu kowa ya ɗauki jerin Swadesh ya zauna da wani dattijo mai jin Gwandara ko harshen gidansu, ya rubuta kalmomin da karin sautinsu da sunan garin da aka ji su, ya jera su ƙarƙashin na Hausa, ya sa tauraro inda suka dace. Idan muka haɗa abin da muka samo a zango mai zuwa, sashenmu zai fara mallakar nasa rumbun.